Minti Hamsin Tsakaninsa da Dogo

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a ɗakin rediyo na ƙaramin filin jirgin saman garinsu. Mutanen gari Mai Rediyo suke ce masa, abokan karatunsa kuwa Guntu, don tun yana yaro bai samu tsawo ba, kuma bai ƙaro ba daga baya. Ɗakin nasa ciki ɗaya ne a saman ofishin awon kaya, ana hawa ta wata matattakalar ƙarfe mai ƙara. A ciki akwai tebur, da kujerar katako da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, da akwatin rediyo mai launin toka, da taga uku masu kallon titin jirgi. Titin na jar ƙasa ne. Sau biyu a mako wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu, mai cin mutum goma sha huɗu, yakan sauka ya ajiye wasiƙu da magunguna da 'yan fasinjoji, ya kwashi wasu, ya wuce filin ƙetare.

Filin ƙetare shi ne maƙwabcinsu mafi kusa a duk wannan yanki na arewa. Kilomita ɗari biyu da sittin da takwas ne ta sama, minti hamsin idan iska ba ta yi gardama ba. Ta ƙasa kuwa sai an zagaye duwatsu, an jira jirgin fito a babban kogi, awa goma sha huɗu da rani, da damina mutum yakan kwana a hanya. A can ƙetare, mutumin da ke amsa masa rediyo shi ne Dogo.

Tare suka yi kwas na wata tara a babban birni, ɗakin kwanansu ɗaya. Guntu ne ya zo na ɗaya a aji, Dogo na goma sha biyu cikin goma sha biyar, kuma ko wannan sai da Guntu ya yi ta zaunar da shi yana maimaita masa darasin gajimare da iska. Da aka zo rabon wurin aiki, Guntu da bakinsa ya roƙi a mayar da shi garinsu saboda mahaifiyarsa da ta tsufa. Aka tura Dogo ƙetare. A lokacin filayen biyu babu wanda ya fi wani, jar ƙasa nan jar ƙasa can, awaki nan awaki can. Har tausaya wa Dogo ya yi, wai an jefa shi inda bai san kowa ba, ya ce ya riƙa zuwa hutu gidansu. A nan Dogo ya ga ƙanwar Guntu, bayan shekara biyu ya aure ta ya tafi da ita. Daga ranar ya fara kiran Guntu da Yaya, alhali shi ne ya girme shi da wata huɗu.

A shekararsu ta bakwai da fara aiki wani kamfanin haƙar ma'adinai ya kafa sansani kusa da ƙetare. Kafin ka ce me, an shimfiɗa wa titinsu kwalta, an jera fitilu a gefensa, an gina hasumiya mai hawa uku da gilashi ta ko'ina. Jiragen da ke sauka can a rana ɗaya sun fi waɗanda Guntu ke gani a wata. Aka ba Dogo shugabancin hasumiyar da mutum huɗu a ƙarƙashinsa. Guntu kuwa abin da ya samu a wannan shekara shi ne sabon yadi na jakar da ke nuna inda iska ta nufa, don rana ta cinye tsohuwar.

Ya taya Dogo murna ta rediyo, kuma ya yi ta da fara'a, amma da ya ajiye abin magana sai ya ji wani abu ya tokare masa a ƙirji kamar ya haɗiye loma ba ruwa. Abin nan bai sake sauka ba. Bai taɓa kiransa da sunansa ba, ko a cikin ransa. Idan matarsa ta tambaye shi me ya sa ya dawo yana cin magani, sai ya ce janareto ne ya ba su wahala.

Kullum da safe ƙarfe bakwai filayen biyu kan gwada rediyo. Muryar Dogo ta sabon inji takan fito tar, kamar yana tsaye a bakin ƙofa, ya yi kiran aiki yadda doka ta ce, sannan ya ƙara da tambayar ya aka tashi, Yaya. Guntu yakan bari sai an kira sau biyu kafin ya amsa, don kada a ce zaman jira yake. Idan Dogo ya ba da ƙarfin iska, sai ya tambaye shi ko ya tabbata, ko a sake dubawa. Sau ɗaya a shekara uku Dogo kan yi kuskure, to ranar Guntu yakan ci abinci har ya nemi ƙari.

Ma'aikatan filin suna da damar hawa jirgi kyauta idan akwai kujerar da ba kowa. Dogo ba ya wasa da wannan dama. Sai ka gan shi ranar Talata ya sauko daga jirgi da farar riga ba ko ƙura, ya kawo wa surukarsa man zafi da sabulu, ya zauna kusa da ita awa biyu, ya koma a jirgin yamma. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka kwana uku, tana faɗa wa maƙwabta irin kirkin mijin 'yarta. Guntu, wanda shi ke kai ta asibiti a bayan babur, shi ke gyara mata rufin ɗaki duk damina, yakan saurara yana jujjuya kofin shayi a hannu.

Shi bai taɓa hawa jirgin ba. Da farko babu mai riƙe masa rediyo idan ya tafi. Daga baya da aka samu, sai ya zamana Dogo ne ke sa hannu a takardar kujerar ma'aikata ta wannan hanya, shi kuwa ya rantse a ransa ba zai nemi sa hannun Dogo a kan komai ba. Da ƙanwarsa ta yi haihuwar fari, Dogo ya ce akwai kujera uku babu kowa, ya zo kawai. Guntu ya ce yana da saƙon da zai ajiye a wani ƙauye kan hanya. Babu wani saƙo. Ya shiga motar haya da asuba, ya wuni ana jijjiga shi tsakanin buhuna da wata mata mai kaji, ya isa gwiwoyinsa sun ƙage, gashin girarsa ya yi ja. Dogo ya tarbe shi a tasha, ya karɓi jakarsa, bai ce komai game da jirgi ba. Wannan shirun ya fi yi wa Guntu ciwo a kan a ce tsiya ya yi masa. Haka ya yi ta yi duk lokacin da zuwa ya kama, har mutanen gida suka yanke cewa tsoron jirgi yake, shi kuma ya bar su a haka.

A shekararsa ta goma sha tara, wata ranar Alhamis cikin tsakiyar damina, jirgin ya tashi daga filinsa da ƙarfe uku na rana da mutum goma sha ɗaya. Matuƙin wani dattijo ne mai farin gashin baki da kowa ke kira Kyaftin. Minti arba'in da tashinsu hadari ya rufe ƙetare ruf, Dogo ya ce ko ƙarshen titinsa ba ya gani, ya ce wa Kyaftin ya juya. Man da ya rage ba zai kai su ko'ina ba sai filin Guntu, shi kuma an tafka ruwa a kansa bayan tashinsu.

Guntu ya sauka daga ɗakinsa da takalmin roba ya bi titin da ƙafa daga farko har ƙarshe, yana caka sanda a ƙasa. Ya san titin nan fiye da tsakar gidansa. Kashi ɗaya cikin uku na wajen gabas ya jiƙe ya zama taɓo, taya na taɓa shi za ta nutse. Ya sa direban motar kashe gobara ya tsaya daidai inda ƙasa ta fara tauri ya kunna fitilunsa, ya tura maigadi ya kore shanun da suka fake a gindin shinge, ya hau sama da gudu numfashinsa na sarƙewa. Ya gaya wa Kyaftin kada tayarsa ta taɓa ƙasa sai ya wuce motar, kuma ya riƙe gefen hagu. Kyaftin ya ce abin da zai rage masa na titi kaɗan ne. Guntu ya ce zai isa, shi ya auna da ƙafarsa. Jirgin ya sauka yana watsa jan ruwa, ya tsaya saura taku kamar talatin ya shiga ciyawa. Kyaftin ya hau matattakalar ƙarfen nan da kansa ya riƙe hannun Guntu ya daɗe bai saki ba.

Bayan wata ɗaya takardar yabo ta zo daga hedikwata. An yaba wa shugaban hasumiyar ƙetare da sunansa cikakke, saboda saurin yanke shawarar juyar da jirgi. A layin ƙarshe aka gode wa ma'aikatan ƙaramin fili bisa haɗin kai. Guntu ya karanta sau uku, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa.

Washegari Dogo ya kira shi ya ce wannan ba daidai ba ne, ya riga ya rubuta wa hedikwata, Kyaftin ma ya sa hannu. Guntu ya ce ba sai an yi haka ba, aikinsa ya yi. Takarda ta biyu ta zo da sunansa shi kaɗai da hatimi ja. Matarsa ta so a sa ta a gilashi a rataye a falo, ya hana. A ganinsa ta farko hedikwata ce ta rubuta, ta biyu kuwa Dogo ne ya roƙo masa, kuma yabon da aka roƙo wa mutum sadaka ce. Takardar ta ƙare a ƙasan akwatin tufafi.

Abin da ya fi taɓa shi bai zo ba sai da babbar 'yarsa ta gama karatun duba yanayi. Tun tana ƙarama takan kawo masa abincin rana ta zauna a bakin taga yana nuna mata gajimare, wannan na ruwa ne, wancan ƙarya yake. Ya ɗauka idan ta gama a nan za a ajiye ta, har ya fara tunanin inda za a sa tebur na biyu. Sai ta zo masa da takarda, ta ce an ba ta zaɓi, ita kuma ƙetare take so, can ne ake da na'urori, kuma za ta zauna a gidan gwaggonta.

Ya kawo dalilai. Ya ce garin ya cika da baƙi, ya ce ruwan can ba shi da kyau, ya ce gwaggon tata fama take da 'ya'yanta. Yarinyar ta fita idonta ya ciko. Matarsa tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, ruwan garin nan ƙanwarka ta sha shekara ashirin ba abin da ya same ta. Ka faɗi abin da ke ranka, ko ka bar yarinya ta tafi. Ba da ita kuke yi ba."

Ya ce da wa yake yi. Ta ce ya fi ta sani. Kwana biyu bai yi mata magana ba, a na uku ya sa hannu a takardar.

Daga nan sai ya zamana kullum da safe muryar 'yarsa ce ke karanto masa yanayin ƙetare, a natse, ba ta gaggawa, yadda shi ya koya mata. Yakan ji daɗi har ya gyara zama. Sai kuma wata rana ta manta ba ta saki maɓallin magana ba, ya ji ta tana cewa, "Baba, ga shayinka nan zai huce," ya ji Dogo ya amsa. Ranar Guntu ya yi wa maigadi faɗa a kan akuya ɗaya har tsohon ya tambaye shi ko lafiya.

Saura shekara ɗaya ya yi ritaya aka yi wa Dogo aikin ido. Hedikwata ta aiko cewa Guntu ya je ya riƙe hasumiyar ƙetare na mako biyu, kuma ana son ya kama aiki washegari da safe. Babu motar da za ta kai shi a wannan lokaci. Ya nemi hanyar zamewa ya rasa. Haka ya hau jirgin da ya shekara talatin yana sallama, ya zauna a kujerar taga, jakarsa a kan cinya.

Jirgi ya ɗaga, ya ga rufin ɗakinsa ya koma kamar akwatin ashana. Ya ga duwatsun da mota ke awa biyar tana zagayawa sun wuce ta ƙarƙashinsa kafin ya gama gyara ɗamarar kujera. Ya ga kogin, da jirgin fito a tsakiyarsa kamar ɗan ganye, da layin motoci suna jira a gaɓa cikin rana, inda shi ma ya sha tsayawa yana korar ƙuda. Bai ji tsoro ko kaɗan ba. Haushi ya ji, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa. Ya duba agogonsa lokacin da taya ta taɓa kwalta: minti arba'in da takwas, iska na bayansu.

A hanya ya yi ta fatan ya tarar da hasumiyar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ta kai, har ta wuce. Sanyi na busawa daga bango, kujera na juyawa da mutum duk inda ya so, ana ganin titi daga farko har ƙarshe ba sai an leƙa ba. Kwana biyu ya yi yana koyon maɓallai, a na uku aikin ya zauna masa a hannu. Jirage tara ya saukar a ranar, ba wanda ya jira ko minti ɗaya a sama. Ma'aikatan suka riƙa tsayawa a bayansa suna kallo. Ya raya a ransa cewa da nan aka kawo shi tun farko, da yanzu wani labarin ake yi, kuma wannan tunanin ya hana shi jin daɗin kujerar.

'Yarsa ta gaya masa ai duk sun san shi tun kafin ya zo, don babu sabon ma'aikacin da Dogo bai zaunar ya ba shi labarin ranar hadarin nan ba, da sanda da takalmin roba da komai. Ta ɗauka zai ji daɗi. Sai ya ce wato har labarin ma shi ke bayarwa.

A gidan ƙanwarsa ya sauka, amma yakan fita da sassafe ya dawo bayan an ci abinci, gaisuwa kawai ke haɗa shi da maigidan. Ranar da ya rage kwana ɗaya ya tafi, da la'asar, ƙanwar ta tare shi a ƙofar kicin ta ce, Yaya, mutumin nan tun da ka zo yake jiran ka zauna da shi. Ya shiga. Dogo na kishingiɗe a falo an rufe labule, ido ɗaya da bandeji, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Suka yi maganar ido, da maganar Kyaftin da ya rasu bara. Can Dogo ya ce shi ne ya ba hedikwata sunan Guntu, don bai yarda wani ya zauna masa a kujera ba in ba shi ba.

"Ka fi ni iya aikin nan, Yaya, tun muna makaranta. Ni kamfani ne ya zo ya same ni a inda nake."

Shekara da shekaru Guntu yake son jin wannan magana, ga ta an faɗa, kuma ba ta sauke masa komai ba. Ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Shekara ashirin da wani abu ina jin haushinka."

"Na sani," in ji Dogo. "Ƙanwarka ta sani, matarka ta sani. Direban motar kashe gobararku ma ya sani."

Ya fara dariya, ya dafe bandejin yana cewa likita ya hana shi. Guntu ya so ya yi fushi, sai ya tsinci kansa yana murmushi, ya ce to me ya sa bai taɓa magana ba. Dogo ya ce ya ji tsoron idan ya yi magana za a daina amsa masa rediyo gaba ɗaya, ko a kira na biyun. Ƙanwar ta shigo da shayi ta same su suna gardama a kan wanda ya fi cin maki a jarrabawar taswira, Guntu na rantsuwa Dogo ko rabi bai samu ba.

Ya koma gida ta jirgi, kuma da ya sauka bai ba kowa labarin hasumiya ba sai da matarsa ta matsa, ya ce ba laifi, sai dai sanyin ya yi yawa. Shekara ta zagayo suka yi ritaya a wata ɗaya. Aka turo wani matashi ya karɓi ɗakin rediyo, Guntu ya zagaya da shi titin da ƙafa ya nuna masa inda ke riƙe ruwa.

Ƙanwarsa ta ce ita ta gaji da zaman baƙunta, gida za ta dawo. Dogo ya sayi fili a layin bayan gidan Guntu ya yi gini, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Yanzu kullum da hantsi suna zaune tare a benci a ƙofar shagon mai gyaran babur, Dogo na ba da labari, Guntu na gyara masa lissafi. Dogo ya dasa gwaba huɗu a tsakar gidansa, suka kama, a shekara ta uku rassansu suka leƙo ta kan katanga da 'ya'ya. Guntu ya je ya sayo dashe shida ya jera a nasa gidan, yana ba su ruwa safe da yamma, yana zuba musu taki. Biyu sun bushe, huɗun da suka rage har yau ba su kai kafaɗarsa ba. Matarsa ta ce ƙasar ce ba ɗaya ba. Shi ya ce akwai abin da Dogo ke zuba wa nasa da bai faɗa ba, kuma zai gano.